Inda Wasan Taubashi Ya Tsaya

Ƙamshin shinkafa shanshera da ake turarawa shi ke fara zuwa mini idan na tuna Larabar nan. Bayan katangar makarantar firamaren unguwarmu a Wurno akwai gidan masu turara shinkafa, kuma da la'asar iska kan kwaso tururin ta shigo da shi ta tagogin ajin da muke zama, ɗumi-ɗumi, kamar ƙasar da ta sha ruwan farko. Ina zaune a kan bencin yara, gwiwoyina sun kusa kai mini haɓa, ina kallon ƙwaryar da ke gaban Modibbo Hajo rufe da faifai. A cikinta akwai takardar da na yi kwana tara ina rubutawa ina yagewa.

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana, abin da ya sa kuka tashi ba ku san cikin gidan Gwaggo Ige na Rabah ba, alhali ƙanwar kakanku ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na kuma san amsar da wasu dangi suka ba ku, wai uwarku boko ya ɗaga mata kai, ba ta san wasa ba. Ban musa ba a lokacin, don kuna ƙanana. Yanzu kuna da 'ya'ya mata da ke fita aiki da safe su dawo da yamma, ya kamata ku ji yadda abin ya kasance daga bakina.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda ruwan madatsar Goronyo ya fara isowa fadamarmu da rani. Kafin nan, in an gama kaka gari kan yi shiru, maza su tafi cin rani. Sai ga shi a tsakiyar zafi fadama ta yi kore shar, har nakan tsaya a bakin hanyar ruwa in manta da aiken da aka yi mini, ina kallon yadda sararin sama ke kwance a cikin fangalin shinkafa. Ruwan bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da direbobi da magina da malaman gona da matansu, ya zo da mutanen Maikujera da Kwargaba da Marnona da suka biyo albasa da shinkafa. Gari ya cika da mutanen da ba su san gaisuwar juna ba. Wata ta ji haushi an wuce ta ba a durƙusa ba, wata ta ji haushi an shigo mata gida ba sallama, wata an ara mata turmi an dawo da shi a tsage. Ba manyan rigingimu ba ne, amma kullum akwai wadda ba ta magana da wata.

Modibbo Hajo ce ta ga haka ta ce a riƙa zama. Tsohuwa ce 'yar siririya, muryarta ba ta da ƙarfi, in tana magana dole kowa ya yi shiru ko ya rasa. Kakarta jaji ce, irin matan da ke bin ƙauyuka suna karantar da mata, ita ma ta yi shekaru tana karantarwa a tsakar gidanta. Ta roƙi hedimasta aji ɗaya duk Laraba bayan la'asar. Muka riƙa ce masa Zaman Laraba. Ta ce abu guda ya tara mu, iya zama da mutane. Mai tambaya ta rubuta ta jefa a ƙwarya a bakin ƙofa, wadda ba ta iya rubutu ta sa a rubuta mata. Modibbo ke buɗe takardun. Na boko ta miƙo mini in karanta, don ni ce na gama kwalejin horon malamai, na ajami ta ajiye a cinyarta ta karanta da kanta. Ba a kama sunan kowa. Ba a kawo abin da ke tsakanin mace da mijinta a ɗaki. Abin da ya kai ga hukunci kuwa, takan ce ƙofar alƙali a buɗe take, ba mu muka rufe ta ba. A wannan zaman na ji an koya wa mace yadda za ta gaya wa maƙwabciya awakinta na cin albasar da ta shanya, da yadda ake zuwa ta'aziyya gidan wadda ake gaba da ita, da yadda ake nuna wa baƙuwa cewa ta daɗe ba tare da an kore ta ba. Ana dariya sosai. Ni kam ina jin kamar makarantar da na fi so ce a rayuwata.

A lokacin ina aiki a ɗan ofishin wata ƙungiyar manoman rani, ɗaki ɗaya ne da tebur da buhunan iri a jingine. Ni ke rubuta ranakun da kowane layi zai sha ruwa. Sahabi, ɗan Gwaggo Ige, shi ne babba a wurin, kuma shi ya samo mini aikin. Taubashina ne. Kun san yadda wasan taubasai yake: ɗan mace da ɗan namiji, kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, a ƙwace wa juna nama a akushi, a yi wa juna ba'a a gaban manya ba wanda zai tsawata. Wanda ya yi fushi shi ya yi abin kunya. Tun ina yarinya Sahabi ke ce mini matarsa, ni kuma in ce ko a kyauta ba na so, kowa ya yi dariya. Ba wanda ya koya mini cewa kalma ɗaya tana iya canza nauyi idan ƙofa ta rufu.

Ya fara da tsayawa a bakin ƙofa idan zan fita, sai na ce ya matsa sau biyu sau uku. Sai jan bakin gyalena. Sai riƙe mini wuyan hannu idan zai ba ni makulli, ya daɗe bai saki ba. Wata rana da leburori suka tafi salla ya tura ƙofar da ƙafa, ya faɗi maganar da har yau ba zan rubuta ta ba. Da na ɗaure fuska sai ya buɗe ƙofar ya ɗaga murya yadda leburorin da ke dawowa za su ji.

"Ku zo ku ga baiwata tana hushi! Ke Rabi, wasa na hwa."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Wannan dariyar tawa ita ta fi ci mini rai, don washegari ya ƙara. Na fara ƙin cin abinci da safe. Na daina tsayawa kallon fadama, ina tafiya ina lissafin ko zan tarar da mutane a ofis ko shi kaɗai. Na gwada gaya wa Innarmu tana tankaɗe, ban iya faɗin komai ba sai cewa Sahabi yana matsa mini.

"Taubashinki na," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "In bai yi wasa da ke ba, da wa za shi yi? Ki rama. Ke ma baki gare ki."

Ba na ganin laifinta. Abin da na ba ta ke nan, shi ta amsa. Ni ce ba ni da kalmomin, ni da na cika littattafai da 'yan waƙoƙi a kan wata da kogi. Sai na yi dabara. In na rubuta da boko, ni za a miƙo wa in karanta, kuma na san muryata za ta tona ni. Don haka na rubuta da ajami, wanda Baba ya koya mini tun kafin in shiga boko, na karkata hannun don kada a gane. Na zuba komai a ciki, ɗan gwaggo da ɗakin iri da makulli, har da cewa ina jin kaina kamar tsuntsuwar da ta shiga ɗaki ta rasa taga. Na jefa a ƙwarya lokacin da mata ke cunkoson cire takalma.

Ranar mun kai mu talatin. Na karanta na boko guda biyu, ɗaya a kan surukar da ba ta amsa gaisuwa, ɗaya a kan rabon naman suna. Sannan Modibbo ta duba na cinyarta. Ta daɗe tana dubawa, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan. Sai ta gyara zama ta karanta.

"Ina da abokin wasa. In mun haɗu wurin aiki ba kowa, sai ya tare min hanya, ya kama min mayahi, ya hwaɗi abin da ba ni iya maimaitawa. In na ɓata rai ya ce wasa na, mutane su ce ban san wasa ba. In na yi dariya, gobe ya ƙara. Mi zan ce mai ya bari?"

Babu ɗan gwaggo, babu ɗakin iri, babu tsuntsuwa. Na ce a raina, ta gane hannuna, ta share duk abin da zai nuna ni, ta kuma yanke adon da kullum take tsokanata da shi. Na sunkuyar da kai ina jin kunya da godiya a haɗe.

Hajiya Luba ce ta fara magana. Matar ƙanen limamin unguwa ce, mace mai kamala, ita ke taimaka wa Modibbo tun ranar farko, kuma rabin matan da ke zuwa saboda ita mazajensu suka yarda.

"Modibbo, Allah shi gahwarta maki, wagga tambaya ba tamu ba ta. Ki naɗe ta."

"Ina jin ki, Luba."

"Ke kinka ce ba a kawo abin hukunci. Namiji ya kama mayahin macce, wanga ba rashin iya gaisuwa ba na, laihi na. Uba gare ta, ko miji, ko alƙali. Mu mi munka sani? In munka ce mata yi kaza, tay yi, abin yaƙ ƙara ɓaci, wa za shi tsaya mata? Mu da kowace za ta koma gida ta ɗora tukunya?"

Wata daga baya ta ce gaskiya ne. Hajiya Luba ta ci gaba, muryarta ba faɗa, kamar mai lallashi.

"Kuma garin ga ƙarami na. Kahin magariba an ji cewa zancen maza mu ka yi ranar Laraba. Kowace za a dube ta a ce ko ita ta. Mazan da sunka bar matansu su zo, gobe su hana. Don tambaya guda mu rasa zaman dut?"

Sai Tumba ta yi tsaki. Tumba 'yar Kwargaba ce, mai aikin dashen albasa, ƙaƙƙarfa, bakinta ba ya rufuwa, ita ke sa mu dariya kowace Laraba.

"Hajiya, makon jiya awa guda munka yi bisa akuya. Akuya! Yanzu an kawo muna bunsuru kin ce ba namu ba na?"

Aji ya fashe da dariya, har Hajiya Luba sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Amma wata dattijuwa 'yar Marnona ta ce ita abin da ta gani daban ne, yaran yanzu ne ba su da haƙurin wasa, su da aka yi musu wasan da ya fi wannan ba su mutu ba. Wata ta ce mai tambayar ta bar wurin aikin kawai ta zauna gida. Wata ta ce to in da aikin take ci fa? Magana ta rabu biyu, ta rabu uku. Ni ina zaune da alƙalami a hannu kamar mai rubuta wani abu. A raina na san idan aka naɗe takardar nan, ba ni da sauran inda zan kai ta. Na riga na gwada gida. Gobe da safe makullin yana jirana.

Modibbo ta bar su sai da suka gaji. Sannan ta ɗaga takardar kaɗan, aka yi shiru.

"Luba ta hwaɗi gaskiya wuri biyu," in ji ta. "Mu ba alƙalai ba na. In ya kai ga hin ƙarhi, ba zama za mu yi ba, tashi za mu yi mu raka ta inda a ka hukunci, ni da kaina zan shiga gaba. Kuma gaskiya na, za a yi magana cikin gari. Amma ku sake saurara. Ba ta ce mu hukunta shi ba. Ba ta ko hwaɗi sunanai ba. Cewa tay yi, mi zan ce mai. Wata shida mu ka koya ma juna mi za a ce ma maƙwabciya, mi za a ce ma suruka. Yau mai ƙishirwa ta gaske ta zo, mu ce randarmu ba ta irin wanga ƙishi ba ta?"

"In ta je ga ubanta..." in ji Hajiya Luba.

"Da wane baki? Ke kin ga wadda ta iya gaya ma ubanta ta rubuto ma ƙwarya? Ko zuwa ga uban, sai an koya mata abin cewa. Wanga ma aikinmu na."

Ta juya ga dattijuwar Marnona.

"Ke kuma Yaya, kin ce wasa na. Ni ma taubasai gare ni, har yanzu guda na raye, in mun haɗu sai na ƙwace mai sanda. Amma shi ma dariya shi kai, ni ma dariya ni kai, kuma gaban mutane mu ka yi. Wanda ka jiran a watse kahin ya hwara, ya san ba wasa shi kai ba. Sunan kawai ya ara."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Sunan kawai ya ara. Wata uku ina zargin kaina da rashin sanin wasa, tsohuwar nan ta warware shi da kalma huɗu, ba tare da ta dubi inda nake ba.

Hajiya Luba ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta ce ita ba za ta iya zama a yi wannan da ita ba, ta nemi gafarar Modibbo har ƙasa, ta fita. Mata shida ko bakwai suka bi ta. Modibbo ta yi musu addu'ar sauka lafiya da zuciya ɗaya, sannan ta ce wa sauran a matso.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi mafi amfani da aka taɓa koya mini. Ta ce kada mai tambaya ta yi maganar su biyu a ɗaki, don a nan ya fi ta ƙarfi. Kada ta yi ta cikin fushi a gaban abokansa, don za su mayar da ita abin dariya. Ta nemi babba wanda shi mutumin yake jin nauyinsa, ta faɗa a gabansa, da rana tsaka, a taƙaice, ba kuka ba zagi. Ta ce tun da can mutum yana iya ajiye wasa kamar yadda ake ajiye kaya, in dai a gaban babba ya ajiye, kuma daga ranar duk abin da aka yi masa ba sunansa wasa ba. Dattijuwar Marnona ta ce ita ba ta taɓa jin wannan al'adar ba.

"To kin ji yau," in ji Modibbo.

Har yanzu ban sani ba ko gadon kakanni ne ko a wurin ta ƙirƙira. Ta ce a gwada. Tumba ta yi wuf ta tashi, ta ɗaura ɗankwali kamar hula, ta tura ciki gaba, ta je ta tokare ƙofar aji da hannu ɗaya tana kashe ido.

"Ina za ki, matata? Haba, ke ba a wasa da ke?"

Mata suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna gwada amsa. Wata ta fara sai dariya ta ƙwace mata. Wata ta zage shi tas, Modibbo ta ce a'a, ya samu abin da zai kai ƙara. Wata ta yi ta ba shi haƙuri, Modibbo ta ce ke aka yi wa laifi, haƙurin me? A hankali maganar ta tsaya a kan 'yan kalmomi. Da layi ya zo kaina na tashi kamar kowa, na dubi Tumba na faɗa. Muryata ta fito siririya.

"Ƙara, 'yar boko," in ji Tumba. "Ko sauro bai ji ki ba."

Na ƙara. Sau uku ta sa ni na maimaita.

Ranar Juma'a Sahabi kan biyo gidanmu bayan masallaci ya gaida Baba ya ci tuwo. Baba mutum ne mai shiru, in yana cin abinci ba a jin ko motsin hannunsa. Na kawo ruwan wanke hannu na durƙusa na ajiye. Sahabi ya ce baiwarsa ta iya aiki yau. Ban tashi ba. Inna tana bakin ƙofar ɗaki. Na dubi tabarma, na ce:

"Baba, ina son ka shaida. Sahabi, na aje wasa da kai daga yau. Ni ƙanwarka ta. Kada ka sake tare min ƙohwa, kada ka sake taɓa ni ko tuhwahina."

Ya yi dariya, amma ba ta fito daidai ba.

"Kawu, ka ji ta? Wasa na hwa. Tun tana tsumma mu ka yi."

Baba ya tsame hannunsa daga akushi. Ya dube ni, ya daɗe, irin duban da yake yi wa rubutun da ya shafe a allo. Sannan ya dubi Sahabi.

"Ta ce ta aje."

Ya mayar da hannunsa cikin akushi. Sahabi bai gama tuwon ba. Da ya fita Inna ta ja ni ɗaki ta riƙe hannuna biyu, tana cewa me ya sa ban gaya mata ba, ni kuma ban ce na gaya mata ba.

Bai sake taɓa ni ba, wannan gaskiya ne. Amma bai sake yi mini magana ba ko ta aiki, sai dai ya bar saƙo a kan tebur, leburori kuma suka daina gaishe ni. Kafin a yanke shinkafa na ajiye aikin na karɓi koyarwa a Marnona, inda na haɗu da mahaifinku. Gwaggo Ige ta zo daga Rabah a motar kasuwa, ta tsaya a tsakar gidanmu ko zama ba ta yi ba, ta ce an tozarta mata ɗa a gaban akushi, ta ce wa Baba ya zaɓi 'yarsa a kan 'yar'uwarsa. Baba ya ce bai zaɓi kowa ba, shaida aka sa shi ya shaida. Ba ta sake taka gidan ba sai ranar da ya rasu. Na san abin ya ci shi, don su biyu kaɗai uwarsu ta bari, kuma duk Salla yakan aika mata da goro a dawo da shi. Bai taɓa nuna mini cewa ni na jawo ba. Wannan nauyin na ɗauke shi shekaru, har yau ban sauke duka ba.

Abin da Hajiya Luba ta faɗa kuwa, ko ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Kafin Laraba ta zagayo gari ya ɗauka. Maza da yawa suka hana matansu. Hedimasta ya aiko a mayar masa da makullin aji, wai za a yi gyara. Muka koma tsakar gidan Modibbo, ƙarƙashin dogon yaro, mu tara, wata rana mu biyar. Na tambaye ta sau ɗaya ko ta yi nadama, tana tsinke zogale a faifai.

"Na yi kewar Luba," in ji ta. "Ta hi ni iya lallashin mutane. Amma zaman da ba shi iya ɗaukar wagga tambaya, mi za mu yi da yawanai?"

Ta ci gaba da zaman har ƙarfinta ya ƙare. Irin waɗannan tambayoyin sun ci gaba da zuwa jefi-jefi, tsakanin na awaki da na surukai. Wasu ta amsa su a zaman. Guda biyu da na sani ta naɗe takardar ta ce wannan ya wuce baki, mai ita ta same ta bayan an watse, ta kuwa yafa mayafinta ta raka ta inda ya kamata. Ba ta taɓa ce mini ta san takardata ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya a fili ba. Na ɗauka wannan shi ne sirrin da ke tsakaninmu, kuma na riƙe shi kamar wani abin ado da ba a sawa.

Bayan na yi ritaya aka gaya mini Tumba na fama da ƙafa, na hau mota na je Kwargaba in gaishe ta. Na same ta a zaune a kan buhu, haƙoranta sun zube, bakin yana nan. Muka yi ta tuna mutanen Zaman Laraba, wa ya rasu wa ya saura. Sai ta ce ko na tuna ranar abokin wasa. Na ce na tuna.

"Tawa ta hwa," in ji ta. "Ƙanen mijina na, can gonar albasa. Ubana malami na, ya koya muna ajami kahin ya rasu."

Na ce mata ba zai yiwu ba, ko dai Modibbo ta gyara maganar ne har ta yi kama da tata. Ta girgiza kai.

"Gyara? Ko wasali ba ta canza ba. Yadda na rubuta haka tak karanta. Da na koma gidanta in yi godiya, cewa tay yi, Tumba, kada ki ɗauka ke kaɗai ta. Ranan nan takarda ukku na ishe cikin ƙwarya, magana guda. Taki na ɗauka don ta hi gajarta."

Na gaya mata ta biyun tawa ce. Ta buɗe baki, ta dube ni, ta tafa hannu.

"Ke? Shi yas sa muryarki awa ta sauro!"

Muka yi dariya har hawaye. Sannan muka zauna muna kiran sunayen matan da ke ajin ranar, waɗanda suka tsaya da waɗanda suka bi Hajiya Luba suka fita, har inuwa ta bar mu. Ba mu gano mai ta ukun ba.